An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Wata rigima ta yi yawa a garejojin ƙasar nan, har mun ga bai kamata mu yi shiru a kanta ba. Rigimar kuwa ta giya ce. Ba giyar mashaya mu ke nufi ba, giyar mota mu ke nufi, musamman irin wadda ke canja kanta da kanta, wadda direbobi ke kira otomatik. Mutum yana da a-kori-kura, da ita ya ke ciyar da iyalinsa, sai giyabos ya mutu. Ya sayar da sa, ko ya ci bashi, a kai wa gwani ya warware shi ya sake masa kayan ciki, a kawo wa makanike ya ɗaura. Ran gwaji sai mota ta ƙi motsi, ko ta tafi amma ta ƙi canja giya, ko kuwa ta yi mako guda lafiya sa'an nan ta koma gidan jiya. Daga nan sai zance ya tashi. Mai mota ya ce an cuce shi. Mai ɗaurawa ya ce gyaran ne ba kyau. Mai gyara ya ce shi lafiyayyen abu ya bayar, can aka kashe shi. Wata rigimar gaban shugaban makanikai ta ke ƙarewa, wata sai gaban alƙali, mota kuwa tana jibge bisa duwatsu, kaka na wucewa, kayan gona na jiran mai ɗauka.

Ra'ayinmu game da wannan al'amari shi ne, in gyararren giyabos ya ƙi aiki bayan an ɗaura shi, kada a yi gaggawar sauke shi, kada kuma a yi gaggawar tuhumar kowa. Sau da yawa cutar ba cikin akwatin ta ke ba. Tana cikin yadda aka ɗaura shi, ko cikin man da aka zuba masa, ko cikin bututun da ke sanyaya man, ko cikin wayoyin da ke kai masa umurni. Wanda ya sauke akwati bai duba waɗannan ba, ya bar jaki yana dukan taiki. Abin da ya kashe giyabos na farko kuwa, in ba a nemo shi ba, shi ne zai kashe na biyu.

Kafin mu shiga bayani, ya kamata mu tuna yadda aka yi muka zo nan. Manyan makanikanmu a kan giyar hannu suka koyi sana'a. A-kori-kurar da ta cika hanyoyinmu a da ita ce Peugeot 404 da ƙanwarta 504, tun ba bayan da kamfanin harhaɗa su ya buɗe a Kaduna cikin 1975 ba. Giyabos ɗinsu haƙora ne da sanduna, kunne da hannu sun ishi gwani ya gane ciwonsa. Ita kuwa otomatik ba baƙuwa ba ce a duniya. Kamfanin General Motors na Amurka ya sa irin tasa, mai suna Hydra-Matic, cikin motocin Oldsmobile na shekarar 1940. Amma a ƙasar nan sai a 'yan shekarun baya ta yawaita cikin motocin ɗaukar kaya. Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa cikin 1968, tana zuwa da giyabos na kamfanin Aisin: akwai A340 mai giya huɗu, akwai A750 mai biyar, sabon samfurin da ya fito cikin 2015 kuwa mai shida ne. Manyan a-kori-kura na Chevrolet da GMC da a ke shigowa da su gwanjo daga Amurka, da yawansu 4L60E ke gare su, wanda ya fara fitowa cikin 1993. Watau motar ta sake, amma koyon sana'a bai sake ba.

To, yaya wannan akwati ke aiki? Mai shi ne jininsa. Tsakanin inji da giyabos akwai wani tulu na ƙarfe cike da mai, wanda makanikai ke kira kwanbata, shi ya maye gurbin kulocin da direba ke takawa. Inji na juya tulun, wuyan tulun na juya famfo, famfo na tura mai da ƙarfi cikin wasu ƙananan hanyoyi masu kama da gidan gara. Ƙarfin man nan shi ke matse faifan kuloci na ciki, giya ta shiga. Wanda ke buɗe hanyoyin yana rufewa kuwa wasu 'yan makunnai ne na lantarki, a na ce da su solonoyid, su kuma kwamfutar mota ke ba su umurni. Ashe ke nan abu uku akwatin ke bukata daga waje: isasshen mai na ainihi, da sanyi, da umurni na daidai. Ko ɗaya cikin ukun nan mai gyara ba ya iya ƙunsa shi cikin akwati ya aiko da shi.

Saboda haka mu ke cewa a bi bincike daki-daki, a fara daga mai araha a ƙare da mai tsada.

Na farko, mai. Giyabos na irin waɗannan motoci, in ya zo a bushe, ya kan sha wajen lita 10, wani ma fiye. Ba a zuba su gaba ɗaya. A kan zuba wajen lita guda cikin tulun tun kafin a sa shi, a zuba wani cikin akwati, a ta da inji, famfo ya ja ya cika tulu da bututu, sa'an nan a riƙa ƙarawa a na aunawa. A yawancin motoci ba a auna man giya sai inji na silo, mota na tsaye a wuri mai baje, mai ya yi ɗumi, an kuma bi da sandar giya ta kowane harafi an komo P. Wanda ya auna inji a kashe, geji zai nuna masa mai ya cika, alhali kuwa da saura. In mai ya gaza, famfo ya kan haɗa da iska, sai a ji kuka, giya ta yi jinkirin shiga, mota ta riƙa zamewa inji na ruri ba gudu. In ya yi yawa kuma ya kan yi kumfa, kumfa kuwa ba ta matse kuloci. Haka kuma in aka bar tsohuwar robar wuyan matata a raminta aka cusa sabuwa a kanta, famfo iska zai riƙa zuƙa ko da mai na cike. Wasu sababbin giyabos ma ba su da geji sam. Ta wani noti na ƙarƙashi a ke auna su, sa'ad da mai ya kai ɗumin da kamfani ya ƙayyade, kuma ba a sanin ɗumin nan da tafin hannu.

Har wa yau, ba kowane jan mai ba ne man kowace giya. Dexron na General Motors ne, tun 1967, an kuma yi ta sake shi har aka kai na shida. Mercon na Ford ne. Toyota tana da T-IV, tana da WS, wanda ya fi tsinkewa. Kowane akwati da man da aka tsara faifansa su yi aiki da shi. In an zuba wani dabam, sai giya ta riƙa shiga da duka, ko mota ta riƙa karkarwa. Mai shago ya ce duk ɗaya ne, ai shi ciniki ya ke nema.

Na biyu, zaman tulu. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne tsada, kuma a cikin minti biyar a ke yinsa. Tulun sai ya shiga mataki uku kafin ya zauna: haƙoransa su kama sandar da ke shigar da ƙarfi, su kama ta biyu da ke kewaye da ita, sa'an nan wuyansa ya faɗa cikin famfo. A na juya shi a na turawa a hankali har a ji ya faɗa sarai. In bai kai ba aka ɗaga akwati aka haɗa da inji, ba za su haɗu ba, sai a ga rata. Makanike mai gaggawa sai ya ce bari notuna su jawo shi. Suna jawowa kuwa famfo ya fashe. Alamarsa, a ta da inji, a sa D shiru, a sa ribas shiru, mai kuma ba ya raguwa a geji don ba abin da ke jansa. Ƙa'ida ita ce akwati ya manne da inji da hannu kafin a ɗaure noti ko ɗaya, tulun kuma ya riƙa juyawa sakayau, da rata ta kamar milimita 3 zuwa 5 tsakaninsa da farantin bayan inji, sa'an nan a jawo shi a ɗaure. A kuma tabbata 'yan turakun nan biyu da ke daidaita inji da akwati suna wurinsu. In babu su akwati ya kan zauna a karkace, ya cinye sil na gaba, ya tsaga faranti. Mai yoyo daga nan ma sai a dubi launinsa: ja na giya ne, baƙi na inji ne, kada a ɗora wa mai gyara laifin sil ɗin inji.

Na uku, sanyi. Zafi shi ne babban abokin gāban otomatik. Mai na aiki lafiya a wajen digiri 80, bisa ma'aunin da ruwa ke tafasa a 100. In ya daɗe sama da 120 sai ya fara ƙonewa, ya yi baƙi, robobi su ƙandare. Domin haka a ke bi da shi ta bututu biyu zuwa wani ɗan ɗaki cikin lagireto, ya huce ya komo. To, sa'ad da tsohon giyabos ke mutuwa, garin ƙarfe da tokar kuloci ina suka tafi? Cikin wannan ɗaki da bututunsa suka maƙale. Wanda ya ɗaura sabon akwati bai wanke su ba, ya wanke tukunya ya mai da ita cikin miyar jiya. Kwana kaɗan dattin zai komo ya toshe hanyoyin mai. Wannan shi ne asirin motar da ke yin mako guda lafiya sa'an nan ta lalace. Gwajin kuwa ba wuya. A kwance bututun da ke komo da mai, a sa bakinsa cikin galan, a ta da inji: awon da makanikai suka saba bi shi ne a sami kamar lita guda cikin daƙiƙa 20. In mai na ɗiga kawai, hanya a toshe ta ke, ko a wanke ko a sake. In kuwa aka ga man ya zama fari-fari ja-ja kamar an dama shi da madara, to ɗakin ya huje, ruwan lagireto ya shiga. Ruwa kuwa ya kan ɓamɓare fatar faifan kuloci, ba makawa sai an sake lagireto, in ba haka ba giyabos goma ma aka kawo haka za su bi juna.

Na huɗu, sandar giya da makunninta. In ba a daidaita wayar da ke tsakanin hannun direba da akwati ba, sai direba ya sa D alhali ciki yana tsakanin N da D, mai na ratsawa rabi-rabi, kuloci na ƙonewa. Nan ba dukiya kaɗai ke cikin haɗari ba, har da rai. Motar otomatik ba ta kamata ta tashi ba sai a P ko N. In ta tashi a D ko R, wata rana za ta zabura ta matse yaron gareji da bango. In P ba ta kama sosai ba, za ta gangara da kaya. Kada a bar mota ta fita gareji sai an gwada makulli a kowane harafi, an kuma ga fitilar ribas na kamawa a R kaɗai.

Na biyar, wayoyi da kwamfuta. Nan ne aka fi zaluntar masu gyara. Mota ta tashi da nauyi, ta tsaya a giya ɗaya ta ƙi sakewa, sai kowa ya ce akwati ya mutu. Ba lalle ba ne. An ƙera waɗannan akwatuna yadda in wuta ta yanke musu za su tsaya a giya guda, don mota ta lallaɓa ta kai gida. Shi 4L60E a ta uku ya ke tsayawa. Shi kuwa A340 mai lantarki, in sanda na D, a ta huɗu ya ke tsayawa, amma in aka ja ta zuwa L zai shiga ta ɗaya. Wanda ya san wannan zai fara duba fis, da soket ɗin da ke jikin akwati ko ya shiga sosai, ko wani tsinkensa ya lanƙwashe, da wayar da ke haɗa inji da jikin mota wadda a kan manta a mayar, da na'urar auna gudu. Motocin da aka sayar a Amurka tun daga 1996, da yawancin na sauran ƙasashe bayansu, suna da wani soket mai ramuka 16 ƙarƙashin sitiyari. In aka sa na'urar bincike a nan, mota da kanta za ta faɗi inda ke mata ciwo. P0700 cewa ya ke akwai ƙara daga wajen giya, a ƙara bincike. P0720 na nuna na'urar auna gudun fita. P0741 na nuna kulocin cikin tulu. Amma fa lamba hanya ta ke nunawa, ba hukunci ta ke yankewa ba, domin waya da ta tsinke da na'urar da ta mutu lamba ɗaya su kan bayar. Bayan haka, kwamfutar sababbin motoci ta kan koyi halin tsohon akwati, ta riƙa ƙara masa ƙarfin mai gwargwadon cinyewarsa. In ba a goge wannan koyo ba, za ta bi da sabo yadda ta saba bi da tsoho, a ji giya na shiga da duka.

Na shida, totur da inji. Tsofaffin akwatuna, kamar 700R4 na General Motors da A340 na farko-farko, suna da waya daga totur wadda ke ƙara ƙarfin mai in direba ya taka. In ta yi sako-sako, ƙarfi ya kan gaza, kuloci ya ƙone cikin tafiya kaɗan. A sababbi na'ura ce ke wannan aiki. Haka kuma injin da fulogi ɗaya ba ya ci, karkarwarsa ta kan yi kama da ta giya ƙwarai.

Sai an gama duk waɗannan sa'an nan a ɗaura ma'aunin ƙarfin mai a jikin akwati, a gwada lambar da ya nuna da ta littafin kamfani, a kuma kwance kwanon ƙarƙashi a dubi abin da maganaɗisu ya kama. In mai daidai ne, sanyi na zuwa, wuta na zuwa, amma ƙarfi ya gaza, ko aka sami gutsattsarin ƙarfe da baƙar toka a kwano, to yanzu an sami shaida, a sauke akwati a mayar wa mai gyara.

Kada a ce mun wanke masu gyara. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai wanda zai sake faifai biyu, ya wanke akwati ya fesa masa fenti, ya ce sabon gyara ne. Akwai mai mayar da tsohon tulu, alhali tulu ba ya wankuwa sarai sai an yanka shi an sake ɗinkewa, dattin cikinsa kuwa daidai ya ke da na lagireto. Akwai mai ba da akwatin da ya yi kama da na mota amma ba nata ba. 4L60E na 1994 da na 1995 a ido ɗaya ne, amma an ƙara wa na 1995 wani solonoyid, kwamfutar wannan ba ta jituwa da wancan. Lambar da ke jikin akwati ita a ke bi, ba kama ba.

Mai mota shi ma yana da nasa. Shi ne ke cewa a bar tsohon lagireto, a zuba mai mai araha, ya manta araha ba ta ado. Shi ne ke labta wa motar da aka yi don kamar tan guda kaya ninki biyu, ya bi da ita cikin yashi da zafin bazara. Shi ne in batir ya mutu ya kira yara su tura, alhali otomatik na zamani ba ta tashi da turi, domin famfonta sai inji na juyawa ya ke aiki. Saboda wannan dalili kuma, in aka ja ta da igiya tafiya mai nisa ba a kwance farfela ba, kayan ciki za su yi ta juyawa ba mai, su ƙone.

Wani zai ce, duk wannan zance ne na mai zaune a ofis: makanike na bakin hanya ina ya ga kuɗin na'urori, ina ya ga Turancin karanta littafin kamfani? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta isa uzuri ba. Auna mai, da zaunar da tulu, da gwajin galan, da duba fis, ba wanda ke bukatar kome sai haƙuri. Ma'aunin ƙarfin mai da ƙaramar na'urar bincike kuwa, kuɗinsu bai kusa da na giyabos guda ba, kuma gareji ɗaya na iya haɗa kuɗi su saya su riƙa karɓa-karɓa. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Wanda ya karɓi aikin otomatik, wajibi ne ya nemi ilmin otomatik, in kuwa ba shi da shi, faɗin gaskiya ba ya rage girman gwani.

Saboda haka muna kira ga jama'a uku. Masu motoci, ku riƙa yin sharaɗi a rubuce tun kafin a taɓa noti: abin da aka sake a cikin akwati, da ko tulu sabo ne, da irin man da za a zuba, da wanda zai wanke lagireto, da wata nawa ko kilomita nawa mai gyara ya lamunce. In da hali, mai gyara shi ya ɗaura, ko ya tsaya a ɗaura a gabansa, don kada a sami bakin da za a raba laifi. Ku kuma sani dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba wanda ya biya kuɗin aiki ikon neman aiki mai inganci, amma takarda ita ce ke tsaya wa mutum a gaban hukuma.

Shugabannin makanikai, musamman na ƙungiyar NATA, ku sa ya zama al'ada kada a saurari ƙarar giyabos sai an bi matakan nan a gaban shaidu. Rabin shari'un da ke zuwa muku a nan za su mutu.

Hukumomin da horon masu sana'a ke hannunsu, irin su NADDC mai kula da sha'anin motoci, da ITF ta Jos, da NBTE ta Kaduna, muna roƙonsu su kai koyarwa cikin garejoji inda masu aikin su ke, su kuma sa a rubuta ƙananan littattafai da Hausa, masu hotuna da lambobin awo, waɗanda yaron gareji zai iya sa wa aljihu. Matasanmu ba basira suka rasa ba. Wanda ya iya warware injin Peugeot ya mayar ba littafi, ba abin da zai gagare shi in an nuna masa.

A-kori-kura ba motar ado ba ce. Ita ke kai taki gona, ta kawo hatsi kasuwa, wani ƙauyen ma ita ke kai mai naƙuda asibiti. Ranar da ta kwana a gareji, ba mai ita kaɗai ke asara ba. Bincike na yini guda ya fi shari'ar wata uku, ya kuma fi tsare amana tsakanin mutanen da gobe ma za su bukaci juna. Allah ya sa mu gane, ya ba kowane mai sana'a ikon cin halaliyarsa, amin.